Kujerar Turkiyya Mai Jan Fenti

Wani mutum ne a Unguwar Gangare, sunansa Mamuda. In ka shiga unguwar ka ce Mamuda kake nema, sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Mamuda Kwantena, ko akuyar bakin titi za ta nuna maka gidan. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Duk abin da aka ambata a duniyar nan Mamuda yana da irinsa, nasa ma ya fi, sai dai yana cikin kwantena a kan teku, bai iso ba tukuna. Ka ce ka sayi fanka, zai ce tasa magana ake yi mata ta juya, tana tafe. Ka ce tunkiyarka ta haifi biyu, zai ce ya yi odar wasu masu haihuwar shida-shida, suna tafe. Shekara goma sha ɗaya kwantenar nan tana kan ruwa. Tsalha tela ya taɓa cewa ko da iyo take zuwa ya ci a ce ta iso.

Sana'arsa dillancin filaye, wato dai ya kai mutum bayan gari ya nuna masa daji da hannu. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa mata biyu duk suna gidajen mazajensu, gidan ya rage daga shi sai wata kaza mai wake-wake. Kullum da la'asar yana majalisa, gindin dalbejiyar da ke ƙofar shagon Tsalha, shi da Tsalhan da Iro mai injin niƙa. Suna ce masa Alhaji don ya ce a ce masa. Amma duk daɗewar nan babu wanda ya taɓa leƙa falonsa. Yau ana fenti, gobe tayil bai bushe ba, jibi makulli yana hannun injiniya.

To me ke cikin falon? Kujera ce guda ɗaya tal, mai zaman mutum uku, wadda ya gada wurin mahaifinsa. Ƙafarta uku, ta huɗun bulo ne. A tsakiyarta akwai wani sifirin da ya ɓullo kai, duk wanda ya zauna ba shiri sai ya gaisa da shi. Kusurwar dama kuma ta yage, nan kazar ta mayar ɗakin ƙwai. Gaskiyar magana Mamuda yana son kujerar nan. A kanta yake barcin rana, ya san yadda zai lanƙwasa jikinsa ya kauce wa sifirin ko idonsa a rufe. Sai dai ya gwammace a yanka shi da a ce wani ya ganta.

Ana nan sai Allah ya haɗa shi da Laure, wata bazawara mai sayar da atamfa a Hayin Malamai, can ɗaya ɓangaren gari. Nan fa babu ƙarya, Mamuda ya kamu. Son tsakani da Allah yake yi mata, irin wanda yake hana dattijo cin tuwo. Ita kuma in yana zuba labaran kwantena sai ta rufe baki da mayafi ta yi ta dariya, ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Da ya yi maganar aure ta ce, "Ni ba ni da ta cewa, Alhaji. Sai abin da Yaya ya ce."

Yayan nata shi ne Malam Haladu, tsohon hedimasta, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana kama yara masu cewa akuya ce ta cinye littafinsu. Mutum ne marar yawan magana. Ranar da Mamuda ya je gaishe shi, a soro ya karɓe shi a kan tabarma, gidan duk warin fiya-fiya, shi kuma yana ta ƙanƙance ido.

"Ka yi haƙuri da tabarma, Malam Mamuda," in ji shi. "Falon nawa ba ya zaunuwa kwanakin nan. Ga shi tabarauna ma ya ɓata, dishi-dishi nake ganinka."

Mai hankali sai ya ce ba komai ya yi shiru. Mamuda kuwa gani ya yi an buɗe masa ƙofa.

"Ai matsalar kujerun gida ke nan, Yaya! Shi ya sa ni ba na harka da su. Tawa daga Turkiyya aka yo mini ita. In ka zauna a kai sai ka rantse a kan gajimare kake."

"To madalla," Malam Haladu ya ce. "Ni ba na aika mutum bincike, da ƙafata nake zuwa. Ranar Asabar ta sama zan zo in ga gidan da ƙanwata za ta zauna. In abin da na gani ya kwanta mini, a nan za mu tsayar da rana. In bai kwanta ba, shi ke nan."

Sai da Mamuda ya fito titi sannan ya ji abin da bakinsa ya aikata. Ya dawo gida ya tsaya a kan kujera mai ƙafa uku, kaza na kallonsa daga kusurwa, gumi ya keto masa. In Malam Haladu ya ga wannan, Laure ta tafi.

To a lokacin hukumar tsaftar gari ta buɗe wani fili a bayan tsohuwar tasha. Da ma mutanen garin sun saba, in katifa ta mutu ko firji ya daina sanyi, a jira hadari ya haɗo a tura shi lambatu, ruwa ya san inda zai kai shi. Bara sai ruwan ya ƙi aiken, ya dawo wa kowa da kayansa har tsakar gida. Shi ne aka kewaye filin da waya aka ce duk mai babban tarkace ya kai can. Jama'a suka sa wa wurin suna Bolar Zamani. Tsarinsa kuwa mai sauƙi ne. In ka kai kaya a rubuta a littafi, ma'aikacin ya duba. Abin da ke da sauran amfani a shafa masa koren fenti a jera a rumfa, mai so ya ɗauka kyauta. Ƙarfe a ware wa 'yan gwangwan. Abin da aka shafa wa jan fenti kuwa a kai shi ƙarshen fili, wuta yake jira, ba a ba kowa.

Ranar da aka buɗe wurin Mamuda ya taɓe baki a majalisa ya ce, "Wannan ai na masu tsofaffin kaya ne. Ni kaya ba sa tsufa a hannuna, duk shekara nake canzawa."

Ranar Litinin da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige gida neman inuwa, mai canza kaya duk shekara ya tsallaka har wata unguwa ya samo direban a-kori-kura da bai san shi ba. Ta lungun baya suka shigo. Aka lulluɓe kujerar da tsohon zanin gado aka ɗora. Kaza ta biyo su har bakin lungu tana kyarkyara. Mamuda bai san inda zai samo ta Turkiyya ba, ya dai ce a fara kawar da abin kunya tukuna.

A ƙofar Bolar Zamani suka tarar da ma'aikacin, wani gajeren dattijo mai suna Mati, ga littafi a kan tebur, ga gwangwanayen fenti biyu a gefe.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Sunan mai kaya?"

Mamuda ya gyara zaman hula. "Kai, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai wannan? Ta wani maƙwabcina ce, talaka ne bawan Allah. Na ga zai tura ta lambatu na ce a'a, kawo in taimaka maka."

"Allah ya saka da alheri. Sunansa fa?"

"Rubuta Talaka. Ya isa."

Mati ya rubuta Talaka. Ya yaye zanin gadon, ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ƙwas, ƙwas. "Kai! Katakon mutanen da. Yanzu ina za ka sami irinsa? Ƙafa ɗaya kawai take nema, a danne sifirin." Ya tsoma burushi ya shafa mata kore. Wani abu ya ɗan soki zuciyar Mamuda, ya yi maza ya kau da kai don kada a gani. Kau da kan nan da ya yi, sai idonsa ya faɗa can ƙarshen fili.

Wata kujera ce zaune ita kaɗai. Karan-miski ruwan zuma. Hannuwanta sassaƙa, an zizara musu ruwan zinare. Ƙafafunta irin dagin zaki. Ko yagewar allura babu. Mamuda bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi wurin ba.

"Wannan fa?"

Mati ya tsaya daga nesa-nesa. "A'a, ranka ya daɗe, wannan ta layin wuta ce. Duba bayanta, jan fenti ne."

"Wuta? Wannan?"

"E, ai mai ita da kansa ne ya ce..."

"Tsaya nan!" Mamuda ya ɗaga hannu. Shi fa duk wanda ya gani da abu mai kyau, abin da shi kansa zai aikata in da shi ne a wurin, da shi yake zarginsa. Ya yi wani murmushi na wanda ya gano bakin zaren. "Na gano ku. Wallahi na gano ku. Mai kyau ku shafa mata ja, ku ce wa jama'a ta wuta ce, in an tashi aiki ku kai ta gidajenku. Ko ba haka ba?"

"Subhanallahi! Ranka ya daɗe, ka bari in gaya maka abin da ke..."

"Ka san da wa kake magana? Sufeto ne ni, daga sama aka turo ni duba irin wannan. Rahoto ɗaya zan rubuta, gobe ka koma sayar da rake."

"Ni dai abin da nake so ka sani, cikinta akwai..."

"Akwai soso! Na sani! Ni za ka koya wa kujera? Na zauna a kujerun da ubanka bai taɓa mafarkinsu ba. Na ƙwace ta, shaida ce."

Jin an kai ga ubansa, Mati ya haɗiye sauran maganar. Ya kalli Mamuda, ya kalli kujera, ya ja da baya taku uku. "To, ranka ya daɗe sufeto. Allah ya ba da sa'a."

Ko hannu bai sa musu ba. Mamuda da direba suka yi ta nishi har suka ɗora ta. Suna fita Mati ya karkaɗe rigarsa, ya sake karkaɗewa.

Ba gida Mamuda ya nufa ba, kasuwa ya tsaya. Ya samo kwalaye wurin masu sayar da firji, ya samo babbar leda wurin masu katifa, aka naɗe kujerar tsaf aka ɗaure. Sannan ya sa direban ya faka a gindin wata bishiya suka jira la'asar. Direban sai sosa wuya yake yana cewa zafin bana ya yi yawa. Da Mamuda ya tabbatar majalisa ta cika, ya ce a bi ta babban layi, a danna hon tun daga kwana.

Pim! Pim! Piiim!

Tsalha ya saki almakashi. Iro ya miƙe da garin niƙa a gira.

"Jama'a, a ba da hanya!" Mamuda ya leƙo ta taga. "Kwantena ta iso!"

Unguwa ta fito. Tsalha ya zagaya motar yana leƙe. "Alhaji, kwalin nan ai hoton firji ne a jikinsa."

"Haka Turkawa suke yi saboda ɓarayin hanya."

"To ina fankar mai jin magana? Ina tumakin?"

"A hankali ake saukewa. Kai ka taɓa ganin an sauke kwantena rana ɗaya?"

Aka kama aka shigar da ita falo, karo na farko da ƙafar ɗan majalisa ta taka wurin. Mamuda ya sa aka manna bayanta da bango sosai, ya yage kwalayen ya bar ledar. Ruwan zinaren nan ya yi wal ta cikin leda. Iro, wanda da ma zuciyarsa ba ta da wuya, ya kama hannun Mamuda ya ce, "Alhaji, ka yafe mana. Wallahi shekara goma sha ɗaya muna cin namanka."

"Na yafe," in ji Mamuda. "Ranar Asabar ku zo ku zame mini shaidu."

Kwana biyar bai bari ko ƙuda ya sauka a kanta ba. Shi kansa a tabarma ya riƙa barcin rana, yana kallonta yana murmushi. Kaza ta yi ta zagaye falon tana neman ɗakin ƙwanta, ta leƙa sabuwar sau ɗaya, ta juya ta fice da sauri.

Asabar ta zo. Da hantsi Mamuda ya ci farar shadda, babbar riga ta sha sitati har tana ƙara, ya yi wanka da turare. Ya jera lemo da ruwa da goro a faranti, ya kulle kaza a kicin. Tsalha da Iro suka iso cikin kayan Juma'a. Can sai ga ƙarar tsohon babur, Malam Haladu ya yi sallama.

"Lale, lale, Yaya! Shigo. Na yi rantsuwa babu mai fara zama a kanta sai kai." Ya kama ledar ya ja, fyaaat!

Malam Haladu ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya ƙanƙance ido. Ya kalli dagin zakin, ya kalli hannun hagu, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce.

"Ai dole, Yaya. Duk wanda ya ganta haka yake cewa. Bismillah."

"A'a. A ba ni tabarma."

"Haba Yaya!"

"Tabarma. Shimfiɗa nan bakin ƙofa. Ƙara ja baya. Yawwa."

Ya zauna ya tattare rigarsa tsaf a kan cinya, ko gefenta bai bari ya taɓa ƙasa ba. Mamuda ya ƙyafta wa Tsalha ido, wato ka gani, kwarjinin kujera ya kama hedimasta. Sai ya baje babbar riga ya nitse a tsakiya, Tsalha a dama, Iro a hagu. Laushi kam akwai laushi. Iro har da lumshe ido.

"Daga Turkiyya ka ce?" in ji Malam Haladu.

"Daga can cikin Turkiyya, Yaya. Ba bakin-bakin ba."

"Kwana nawa ta yi a hanya?"

"Wata tara a kan ruwa. Sau biyu guguwa tana taso wa jirgin, matuƙin ya ce a zubar da komai amma ban da kujerar Alhaji."

"Allah sarki. Irinta nawa aka yi?"

"Biyu kacal a duniya. Ɗaya tana gidan wani babban attajiri a can, ya ma roƙe ni in sayar masa da wannan ya haɗa, na ce..."

Tsit!

A bayan cinya ne. Mamuda ya ɗan zabura, ya mayar da abin tari. Ya ci gaba, "Na ce masa ina! Wannan ta amarya ce."

Tsit! Tsit! Ɗaya a ƙugu, ɗaya a hamata.

Ku tuna abin da ke cikin kujerar nan ya yi kusan sati biyu yana azumi, ya sha ranar bola, ya sha zafin leda. Yau ga ƙarti uku sun kawo kansu har gida, ɗaya ma ya sha turare. Iro ya buɗe ido ya fara mutsu-mutsu. Tsalha ya kai wa wuyansa mari, tas!

"Alhaji, sauro ne da rana tsaka?"

"Babu sauro a gidana."

"To wani abu yana..."

"Tausa ce," Mamuda ya ce da sauri, yana murza bayansa a jikin kujera. "Irin ta zamani ce, tausa take yi. Tana motsa jini."

"Jini kam yana motsi," in ji Iro, yana soshe-soshe da hannu biyu. "Amma Alhaji, tausar nan da haƙori ake yin ta?"

"Rashin sabo ne. Zauna da kyau."

Malam Haladu ko gezau. Ya ɗauki goro ya ɓantara. "Ci gaba, Malam Mamuda, ina jin ka. Katakon fa, na wace bishiya ne?"

Wayyo Mamuda. Ga surukin da yake nema a gabansa, ba dama ya yi susa. Ya matse cinyoyi, ya cije leɓe, ya riƙa goga gwiwar hannu a haƙarƙari kamar mai shirin tashi sama. Gumi ya jiƙa sitatin shadda. Duk da haka bakin bai mutu ba. "Wata bishiya ce, Yaya... ash!... a kan dutse take fitowa... wash!... shekara ɗari kafin a sare ta."

Tsalha ya cafko wani abu a wuyan rigarsa, ya murje shi tsakanin yatsu, ya kai hanci. Fuskarsa ta canza. "Alhaji, warin nan na san shi. Na yi zaman kwanan shago a kasuwar Kurmi."

"Ƙamshin katakon ne."

Bai rufe baki ba sai ga wani ƙato, ja jawur, ya ƙoshi har yana rangaji, ya ɓullo daga wuyan babbar riga. Ya gangaro ta kan aikin zare a hankali, ya ratsa farar shaddar nan ta tsakiyar ƙirji, ba ya ko sauri. Ido takwas suka bi shi har ya shige aljihu.

"Kuɗin cizo!" Iro ya kurma ihu. "Wallahi kuɗin cizo ne! La'ilaha illallahu, gari guda ne a ciki!"

Ya yunƙura zai tashi, Malam Haladu ya ɗaga yatsa ɗaya irin na hedimasta, sai ga Iro ya koma ya zauna ba shiri.

"Malam Iro, kafin ka tashi ka taimaka mini. Zura hannunka tsakanin kushin da hannun kujerar nan na hagu. Can ƙasa. Ƙara zurawa."

Iro ya zura yana runtse ido, ya lalubo, ya zaro wani tabarau mai kauri, ƙafarsa ɗaya ɗaure da baƙin zare. Malam Haladu ya karɓa da bakin yatsu, ya karkaɗe, ya hure, ya goge, ya maƙala a hanci.

"Alhamdu lillahi. Wata biyu ina nemansa. Ashe Turkiyya ya tafi."

Tsalha da Iro suka yi tsalle suka dire tsakiyar falo, kowa na fizge riga. Mamuda kaɗai ya rage a zaune, ana ta cin sa.

"Shekara ashirin tana falona," Malam Haladu ya ce, murya ƙasa-ƙasa kamar yana karanta sakamakon jarrabawa. "Bara wani baƙo ya kwana a kanta ya bar mana tsaraba. Na yi fiya-fiya, na yi tafasasshen ruwa, na yi kananzir, na shanya ta sati guda a rana. Ƙiba suka ƙara. Da kaina na kai ta Bolar Zamani, na ce wa Mati ya shafa mata ja da yawa kada wani bawan Allah ya cutu. Ku ɗan ja ta daga bango."

Tsalha da Iro suka ja ta, da Mamuda a kai. Ga jan fenti nan ɓaro-ɓaro, gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Alhaji," Iro ya ce, "yafiyar da na nema ranar Litinin, dawo mini da ita."

Malam Haladu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ranar Talata na koma wurin neman abin zama, don na gaji da karɓar baƙi a soro. Mati ya ce wani sufeto ya zo ya ƙwace tawa da ƙarfin tsiya, har da zagin uba. Na ce Allah ya haɗa ni da sufeton nan in yi masa jaje. To ga shi Allah ya haɗa mu." Ya gyara tabarau. "Amma ban dawo hannu sake ba. A rumfar kore na sami wata tsohuwa mai ƙafa uku. Katako na gaske, irin na iyayenmu. Kafinta ya sa mata ƙafa, ya danne sifirin, ya ja mata sabon yadi. Ko ƙwaro ɗaya babu. Har ƙwai biyu muka tarar a kusurwarta, Laure ta soya mini."

Mamuda ya ɗago kai a hankali.

"A littafi an rubuta sunan mai ita Talaka, wai maƙwabcin sufeto ne," Malam Haladu ya ci gaba. "Na ce wa Laure, duk wanda ya riƙe kujerar ubansa shekara da shekaru, ƙafa ta karye ya tokare ta da bulo, ga ma shatinsa nan a jikin katakon, bai yar ba, har ya bar wa kaza gefe, wannan mutumin kirki ne, zai iya riƙe mace. Ita ma ta ce haka ne. Da shi ne ya zo neman ƙanwata, wallahi yau zan tsayar da rana. Kai kuwa, Malam Mamuda, maganar nan a bar ta."

Nan Mamuda ya ji duniya ta juya masa. In Malam Haladu ya fita ta ƙofar nan Laure ta tafi ke nan, kuma abin da zai dawo da ita shi ne abin da ya kai bola da hannunsa. Ya zabura ya miƙe, hula ta faɗi, hannu ɗaya a hamata ɗaya a ƙugu yana susa ba ji ba gani.

"Yaya! Yaya, tsaya! Tawa ce! Wallahi tallahi kujerar nan tawa ce! Ta babana ce! Ni ne Talakan!"

Tun da aka haifi Mamuda bai taɓa faɗin gaskiya da ƙarfi haka ba. Har maƙwabta sun ji.

Tsalha ya girgiza kai. "Haba Alhaji. Kai da kaya ba sa tsufa a hannunka?"

"Duk shekara kake canzawa," in ji Iro. "A gabanmu ka faɗa."

"Ƙarya nake yi! Ga bulon can a lungu! Ga kazar can a kicin, ku buɗe ku tambaye ta! Ƙwan da ka ci nawa ne, Yaya!"

Malam Haladu ya riga ya sa takalmi. Ya juyo daga bakin ƙofa, ya dube shi ta cikin tabarau tun daga sama har ƙasa, yanzu kam tar yake ganinsa.

"Malam Mamuda, tun da na shigo gidan nan kake zuba mini ƙarya iri-iri, na haƙura na shanye. Amma wannan ta ƙarshen ta yi yawa. Bawan Allah talaka, maƙwabcinka, ka raba shi da kujerarsa. Yanzu kuma kazar tasa za ka ƙwace?"